Dutsen Kaka

Yaya Hajo, gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya maigida, ya yara?

Kaka ce ta daina cin abinci, wai kewar duwatsun garinsu take, nan Haɗeja kuwa ko tsakuwa sai an nema. Sai Kawu Bukar magini ya gina mata dutsen laka a gindin tsamiya, ya shafe shi da makuba. Bai taɓa ganin dutse ba, ya yi shi sumul kamar randa. Kaka ta yi dariya, ta ce, "Bukar, miƙo wuƙa." Da hannunta ta tsattsaga shi yadda take tunawa. Yanzu can take shan kununta, ƙadangaru na shan hantsi a kai.

Cikar kogi nake tsoro, Yaya. Ki roƙa mana Allah ruwan bana ya bar mata shi. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki, Falmata