Busasshiyar Magen Gidan Ashcombe

Ludlow, Ingila

Zuwa ga 'yata Bryony,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Callum da jikata Isla, Ya sassauta muku zafin ranar Ostareliya, Ya ba ki ƙarfin tsayuwar da kike yi a asibiti. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san malamin da ya koya mini shi, da takaicina ya mutu, ga shi kuma yanzu hannun a kumbure yake. Goggonki Maud tana nan, ƙafa ta hana ta zuwa coci, amma bakin lafiya lau. Ruwan sama kuwa bai tafi hutu ba tun da kika tafi.

Ba zan ja ki da nisa ba. Kawunki Lionel yana kwance a asibiti, kuma ƙanenki Toby ne ya kai shi can.

Kin tuna gidan Ashcombe, inda nake gadin ƙofa tun da ciwon gwiwa ya sauko da ni daga aikin rufin gidajen mutane. Gidan nan na jan bulo mai hawa uku, wanda wasu tagoginsa a toshe suke da bulo tun zamanin da ake biyan harajin taga. Falon da masu gidan na da suke rawa a ciki, yanzu 'yan inshora ne suka jera tebura suna hamma. Hukuma ta hana a buga ko ƙusa sai da izini. Abin alfaharinsa dai matakalar katakon nan ce mai zagayawa, wadda in ka leƙo daga sama kana hango daɓen ƙasa baƙi da fari. To, an ba Kawunki aikin buɗe wani tsohon murhu a hawa na sama don a ja wayoyi ta bututun hayaƙi. Ya ɗauki Toby ya taya shi, albarkacin marigayiya mahaifiyarku, don kin san babu maginin da zai sake ɗaukarsa a garin nan saboda zuciya. Na kai musu shayi ke nan suka zare bulo, sai ga mage a bayansa, busasshiya ƙayau kamar tsohon takalmi, baki buɗe, haƙora a waje. Irin wadda magina na da suke binnewa a bango don ta tare mayu.

Nan take Kawunki ya cire hula. Ya ce, “Kai yaro, mayar da ita inda ka same ta. Ba a fitar da ita daga gida, ubana bai yi ba, ni ma ba za a fara a kaina ba.” Toby ya ɗaga ta ta wutsiya yana dariya, ya ce ai Kawu ya sami tsararsa, ga bushewa ga rashin amfani, sai a ɗaura musu aure. Ni ma, da shegen bakin nan nawa, na ce ni ne waliyyin amarya. Kawu ya sake cewa ya ajiye ta. Toby ya ce bari mu ga ko har yanzu tana dira a kan ƙafafunta, ya miƙa hannu ya sake ta ta tsakiyar matakala. Muna ji ta tarwatse a ƙasa kamar busasshen burodi.

Ban ga lokacin da Kawunki ya ɗaga cokalin gini ba. Ƙararsa kawai na ji a goshin Toby, jini ya rufe masa ido. Daga nan suka sarƙe. Suka bugi sandunan matakala, katakon da ya ga sarakuna da yawa ya kakkarye kamar rake, suka gangaro tare, kai yana bugun mataki, har inda matakalar ta yi kwana. Ubanki jarumi ya shiga rabo. Wani a cikinsu ya taka mini hannu, wani ya ba ni gwiwar hannu a baki, haƙorin gaban nan da nake taƙama da shi ya tafi neman magen a ƙasa. 'Yan ofis suka fito suna ihu, kowa da kofin shayinsa, babu wanda ya ajiye.

A nan wasan ya ƙare, Bryony. Kawunki yana kwance, ƙafarsa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, ya daina motsi. Toby ya miƙe, ya share jini, ya dube shi sosai. Sannan ya ja baya ya sa masa takalmin aiki, mai ƙarfe a baki, a haƙarƙari. Ya ƙara. Ina kiran sunansa, ya ƙara masa a ka. Sai da na kwanta a kan tsohon sannan ya tsaya. Fuskar da na gani ranar ban san ta ba, kuma ni na yi mata wankan farko.

Ƙugu ya karye, haƙarƙari ya tsage, kunne ɗaya ba ya ji, amma Kawunki ya farfaɗo. Da 'yar sanda ta je asibitin, ya ce mata santsi ne ya kwashe shi, magini ba ya kai ƙarar wanda suka hau tsani tare, balle ɗan ƙanwarsa. 'Yan ofis kuwa suna can ƙasa, ƙarshen abin kawai suka gani, ni a kwance a kan mutum ina kuka. Saura ni. Ta same ni a bakin ƙofa, ta ce, “Baba Clifford, me ka gani?” Toby yana tsaye a bayanta da bandeji a ka, yana kallona.

Kin san ni da ƙarya, na yi ta don a yi dariya tun kafin a haife ki. Na buɗe baki in ce santsi ne, ya ƙi fita. Abin da nake gani kawai shi ne ranar da Toby zai sake yin haka, a wata mashaya, da wani wanda ba shi da tsohon wawan da zai kwanta a kansa. Na faɗa mata duka, har da cokalin Kawunki, har da takalmin. Za a shiga kotu wata mai zuwa, kuma an ce zai iya yin zaman gidan yari. Kawunki ya ce ni maci amana ne, Maud ta ce ai dama haka nake. Toby ya kwashe kayansa, ba ya ɗaukar wayata.

Taki zai ɗauka. Tun yana ƙarami ke kaɗai kike ce masa zauna ya zauna. Ki kira shi, ki tambaye shi ko yana cin abinci, kuma kada ya ƙi zuwa kotun. In ya zage ni ki bar shi ya zaga, kada ki kare ni, kada kuma ki ce ni na sa ki.

Ki gaida Callum da mahaifiyarsa Moira, ki sumbaci Isla. Maud tana gaishe ku, Kawunki ma ya ce a gaishe ki, ta bakin nas, don ni ba ya yi mini magana.

Naki har kullum,
Babanki, Clifford Hembry