Kada Ki Matse Muryar Mama

Ya Susanna, hasken idona, ruwan randa a zafin Afrilu, ƙayar da na taka ina murmushi!

Labari ya iso Samaru cewa ranar Asabar za ki kai katin memorina da na ba ki aro unguwar PZ, wurin Tochi mai turin waƙoƙi, ya matse abin da ke ciki zuwa ƙaramin MP3, ya goge na asalin, domin finafinanki su sami wuri. Ƙanwarki Sarah ce ta gaya mini tana dariya. Ni ban yi dariya ba.

Kin san abin da kike riƙe da shi, ya kurciyata mai kunnen katako? Muryar marigayiya Mama ce, tana jan waƙa a Zumuntar Mata shekarar da aka yi mini baftisma. Mako uku na yi ina kwashe ta daga kaset zuwa tsarin FLAC, wanda ba ya zubar da ko ɗigon sauti. Kaset ɗin ya tsinke, kwamfutata ta mutu. Kwafin da ke jakarki, tsakanin janbaki da makullai, shi kaɗai ya rage a duniya!

Kin manta yammacin nan a Bomo, bakin gonar masara? Na sa miki iyafis ɗina a kunne, wanda ko fastonmu ban yarda ya taɓa ba. Kika ji Mama ta ja numfashi kafin baiti na biyu, kika ji tafin hannu a bakin tulu, kika yi hawaye. Ko kuwa hayaƙin gashin masara ne? Irin waɗannan ƙananan sautuka su ake fara zubarwa in an matse, kuma ba mai iya dawo da su. Wai kin ce duk ɗaya ne. A lasifikar wayarki, mai kuka kamar ƙuda a gwangwani, lallai ɗaya ne.

Na haƙura da jinkirinki shekara huɗu, na haƙura da miyarki. Wannan kam ba zan iya ba. Zan zauna a bencin Tochi tun kafin ya buɗe shago, da sabon memori a aljihuna. Ki karɓa, ki cika shi da duk shirmen da ranki ke so, ki miƙo mini nawa. In kin bi ta bayana kin kai wani shagon, kada ki ƙara gaishe ni a ƙofar coci.

Abin haushin, ko kin yi hakan ba zan iya son wata ba.

Naki har kabari, da ɓacin rai,
Othniel