Ganyen da Ka Ce Kada Na Taɓa

Zuwa ga Ya Modu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Allah. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ranka ma ba ka cika duba saƙona ba, balle yanzu da ka samu uzuri. Amma akwai tambayar da ke cin raina, kuma kai kaɗai ne za ka gane ta.

Gida lafiya, irin lafiyar Maiduguri. Dangin Baba da suka gudo daga Konduga sun cika ɗakinka har zaure, kuma sojoji sun ƙara shinge a bakin layinmu na Jiddari Polo. Tun da wani direba ya kawo hularka daga hanyar gona, Baba ya tara mutane aka yi maka sallah ba gawa, aka raba sadaka. Mama ba ta hana ba, amma ko loma ɗaya ba ta ci ba. Kullum sai ta zuba maka tuwo ta rufe da faifai, wai kana tafe.

Ɗan gem ɗinka, na'urar wasan nan ta hannu, yana wurina. Ka tuna yadda ka sayo shi, rubutunsa duk na Japan, ko alif ba mu gane ba? Da dokar hana fita ta kulle mu a gida, da lalube muka koye shi: layin sama na kai duka ne, na biyu siddabaru, na uku jaka, na ƙasa gudu. Jarumai huɗu ne. Naka ka sa masa suna da harafin da ya yi kama da mutum ya saɓa fartanya. Ni ka ba ni mai magani, da harafi kamar ƙugiya, wai haka bakina yake.

Har yau dokokinka nake bi. Ba na gaggawar zuwa wajen babban dodo, sai na yi ta kewaya dajin bakin gari ina kashe ƙanana har matakina ya hau, tunda sannu ba ta hana zuwa. Mai magani tana baya koyaushe. In abokan gaba sun taso a gungu, wanda ke warkar da 'yan uwansa nake fara kayarwa. In ma'aunin jini ya koma ja sai na gudu, don ka ce gudu ba tsoro ba ne. Kuma ba na fita daga gari sai na ajiye wasan, don gem ɗin ya riƙe inda na tsaya. Kai da ka koya mini duk wannan, me ya fitar da kai hanyar Konduga saboda buhun wake? Ina jin haushinka, Ya Modu, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

To ga maganar. Ka san ganyen nan guda ɗaya da ke jaka, mai tayar da wanda ya faɗi. Da safen da za ka tafi, jaruminka ya faɗi a kogo, sunansa ya koma toka-toka. Na kai hannu zan tayar da shi, ka buge mini yatsa, ka ce ganyen na yaƙin ƙarshe ne, a bar shi kwance sai ka dawo. Na bar shi. Mu uku muka ci gaba, da wahala, sunanka yana biye da mu a ƙasan allo.

Kai ne ka ce wanda ya faɗi ba ya samun maki, komai yaƙin da aka ci. A mataki na ashirin da huɗu ka bar shi. Wata rana na duba na ga ashirin da biyar. Na ce ƙila ni ce na manta. Sai ya ci gaba da hawa, kullum ɗaya ƙasa da nawa, yadda kake sa ni gaba kana bina a baya in za mu Islamiyya. Na zare batirin, na cusa gem ɗin ƙarƙashin kaya har sati ya zagayo. Da na kunna, ya ƙara hawa.

Shekaranjiya bayan azahar, gari tsit ko keke ba ya wucewa, na isa ƙofar ƙarshe. Na ce yau dai ranar ganyen ta zo. Na buɗe jaka, babu ganye. Na koma allo, sai ga mai fartanya tsaye a sahun gaba, jininsa cike. Sauran ukun ƙofar suke kallo, shi kuwa ya juyo yana kallona. Na kife gem ɗin a tabarma.

Ba zan ɓoye maka ba, kwanakin baya Mama ta leƙo ina wasa, ita da take ce masa aikin shaiɗan. Ta tambaye ni wane ne wannan da ba ya motsi, na ce kai ne. Ta ce ba shi da magani? Na nuna mata layi na uku daga sama, inda jaka take. Amma Mamar da ko waya ba ta iya ɗagawa sai ta kira ni, ta ina za ta iya wannan?

Kai ne, ko ita ce? Kowace amsa tsoro take ba ni. In kai ne, me ya hana ka hutawa? In kuma ita ce, to ba za ta taɓa daina jira ba. Tun shekaranjiya ta daina rufe tuwonka da faifai. Na ɗauko zan rufe, ta riƙe hannuna, ta ce na bar shi, ba zai kai ga hucewa ba.

Ban shiga ƙofar ba, kuma ban ajiye wasan ba, karo na farko da na karya dokarka. Na kashe shi haka nan, ina fatan in na sake kunnawa na tarar da kai kwance da ganyen a jaka. Har yanzu ban samu ƙarfin dubawa ba.

Sai wata rana, Ya Modu. Allah Ya haskaka inda kake kwance, in a kwance kake.

Ƙanwarka mai magani, wadda ka ce ta tsaya a baya,
Yagana