Zinariyar Rahama

Gusau, Litinin.
Aikin farko yau: ba akuyar Rahama dusa.

Zuwa ga matata Lantana,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen 'Yankuzo. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan ɗiyarmu.

Na san abin da ya hana ki dawowa. Kin ce ba mu rufe Rahama cikakkiya ba, tunda 'yar tsokar hantarta da likitoci suka tsakura tana raye ba ta bi ta kabari ba. Ni na sa hannu, ni kuma na yi miki alkawarin tsokar za ta dawo. Har yau ban tabbata ina da ikon yin wannan alkawari ba.

Na koma wurin Dakta Sa'adiya wadda ta duba ta. Ta ce tsokar tana wani ɗakin bincike a ƙasar waje. Na roƙe ta bayani a hankali, ina rubutawa, don kada in kawo miki kure. Wai daskarar da tsokar ake yi, a yanko abin da bai kai kaurin ɓawon albasa ba, a shimfiɗa a kan gilashi. Sai a lulluɓe shi da zinariya, 'yar kaɗan, kamar hucin baki a kan madubi. Zinariyar ce ke karɓar wani haske mai zafi da ake harbawa ɗigo-ɗigo, sai sinadaran cikin naman su tashi, na'ura ta auna su, ta zana hoton inda kowanne yake zaune.

Da ta ambaci zinariya sai biro ya tsaya mini. Kin tuna 'yan kunnen da Rahama ke tsayawa kallo a kasuwa, muka ce ta bari sai ta yi sauka?

Ki gaida Inna. Allah Ya sanyaya mana.

Mijinki,
Lukuman

Gusau, Alhamis, bayan mako uku.

Lantana,

Sallama da fatan alheri. Dogo direba ya ce ya damƙa miki takardata hannu da hannu. Ban ga amsa ba, ban kuma ga laifinki ba. Yaya ƙafar Inna?

Saƙon ɗakin binciken ya iso. Ragowar tsokar ta ƙare wajen yanka. Abin da ya dawo gilashi ne, tsawon yatsa, da wani ɗan tabo a tsakiya mai ƙyalli in an karkata shi. Na daɗe riƙe da shi ina neman kamarta a ciki. Wauta ce, na sani.

An haɗo da hoto mai launuka. Dakta ta nuna mini inda kitse ya taru a hantar, ta ce alamu sun nuna da ciwon aka haife ta. Na tambaye ta game da jiƙon da kika ba Rahama lokacin zazzaɓi, wanda kike kuka a kansa. Ta ce ba shi ba ne. Na sake tambaya don kada ya zama kunnena ne ya ji abin da yake so. Ba jiƙonki ba ne, Lantana.

Jiya na je Bungudu, inda muka rufe Rahama, wurin Malam Idris, limamin da ya sallace ta. Damuwata ita ce ba a kai mamaci da ado, zinariyar kuma ba ta kankaruwa sai tare da naman. Ya share ido, ya ce a rufe gilashin haka kusa da ita.

Na so in yi a take, na kasa. Ke ba ki zuwa maƙabarta, kuma ba ki taɓa ganin ɗiyarki da zinariya ba. Zan kawo miki ki gani tukuna, ko a zaure ne, ko ba ki ce mini uffan ba.

Ki huta lafiya.

Mijinki,
Lukuman

Abin da ya rage gobe, in Allah Ya kai mu:
Sayen farin ƙyalle, ɗan ƙarami.
Barin akuya wurin Dije maƙwabciya.
Tambayar Dogo ko hanyar Tsafe zuwa 'Yankuzo ta yi kyau.
Aron fartanya a Bungudu.
In kin ce a bar miki gilashin, ban san abin da zan ce ba.