Kore Ya Warke, Saura Ni

Zuwa ga Maman Kore, hasken shagon ɗinki, sanyin idona, inuwar da nake gudu zuwa gare ta da tsakar rana, mai murmushin da ake jira kamar ruwan farko,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ƙara na kawo, kuma tsuntsunki nake ƙara. Kore ya ci amanata. Jiya da kika ce mini, kina gutsure zare ko kallona ba ki yi ba, wai ai ya warke, ba sai na riƙa wahalar tsallako titi ba, sai na shiga neman mai ceto. Na waiwayi kejin ko zai rufa mini asiri ya ɗan langwaɓe. Ina! Yana ta lilo a kan sanda, bakinsa bai huta ba, ƙoƙon gero kuwa fes. Haka ake saka wa wanda ya yi jinya?

Kin tuna ranar da na zo gyara miki keken da ke tsinka zare? Ina kwance kusoshi, idona na kan ƙaramin akun nan a kusurwa, ya kumbura gashi, ya cusa kai cikin fiffike. Kika ce matarsa Shuɗiya ce ta mutu, kuma marigayi maigidanki ne ya sayo miki su tare. Kin rataya masa madubi, ya juya masa baya. Kin kunna rediyo, ko gezau. Yayarki ta ce a sayo wata a jefa masa kowa ya huta, kika ce zuciya ba maɓalli ba ce da za a cire a ɗinka wani. Na ji maganar nan har cikin ƙashina. Na kuma lura da kular abincinki a ƙarƙashin tebur, yamma ta yi, ba a ko buɗe ta ba.

Mai sayar da tsuntsaye ne ya gaya mini irin su Kore ba sa son ci su kaɗai, sai sun ga ana ci. Shi ya sa washegari na ɗauko kwanona, na ja kujera gaban keji, na shiga tauna da ƙarfi kamar akuya, ƙato da ni, da furfura a gemu. Kika toshe baki da ƙyalle kina dariya. Wannan dariyar, ya farin watana, da ana ƙulle ta a leda da na tafi da ita gida. Daga baya na ce miki mutumin ya ce in mutum biyu ne ke ci maganin ya fi kamawa. Kada ki je tambayarsa, yana da mantuwa. Kika harare ni, kika buɗe kula. Ba mu kai ga cinyewa ba Kore ya sauko ya tsinci ƙwaya.

To yanzu ya murmure, ke ma kumatunki sun dawo, masu kawo ɗinki har suna tambayar sirrin. Ni kaɗai aka sallama daga aiki. Yau na zauna a shagona tsakanin matattun kekuna da gwangwanin mai, na buɗe kwano, abinci ya ƙi wucewa. Ashe cutar ta kama likita. Wa zai zauna ya yi mini tauna? Madubi zan rataya, ko rediyo zan kunna?

Bari in ajiye wasa. Ina sonki, kuma tsoro nake ji kada ƙofar da tsuntsu ya buɗe mini ta rufe. Ban ce ki manta da marigayi ba, Allah ya jiƙansa. Na sha ganin Kore yana matsawa gefen sandar da Shuɗiya ke kwana, ya yi kira, ya saurara, sannan ya sauko ya ci abincinsa. Duka biyun yake yi, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Ni ma wurin zama kawai nake roƙo, ba wurin kowa ba.

Ki ba ni izini in turo yayana wajen Kawunki. In kin ce in dakata, zan dakata, ai mai gyaran keke ya saba lallaɓa abin da ya cije. Amma ki sani ina da ido. Jiyan nan da kike korata, na ga cokali biyu a naɗe cikin tsumma a kan kular. Kore dai ba ya cin abinci da cokali.

Gobe da rana zan tsallako da kwanona, in tsaya a bakin ƙofa. In kin ja kujerar nan gaban keji, na samu amsata.

Naki, yau da gobe, har ranar da hannuna zai kasa riƙe sukudireba,

Mai gyaran kekenki