Babur Ɗin Baba Ya Tashi

Baban Kumatu,

Ya tashi fa. Babur ɗin marigayi Baba da ka gaji da haɗawa, yau ya yi magana. Kar ka bari mai sayen tsoffin ƙarafan da ka tafi kira ya ɗauke shi.

Ina neman nafkin ɗin Kumatu sai na hango bakinsa a cikin salansar babur ɗin. Ashe kai ka cusa ranar fenti, wai kar zanzaro ya yi gida, ka manta. Na zaro, na ce bari in taka yadda kake yi. Kaji duk suka haura katanga. Kumatu yana bayana ko motsi, ya saba da munsharinka.

Ban san inda ake kashewa ba, na tsaya har mai ya ƙare. Zuba mai tukun, kar ka taka ya ƙi ka ce na ƙirƙira. Shaida tana jikin farar rigarka da na shanya a bayansa. Ka yi haƙuri, ta koma baƙa.

Mun tafi rigakafi. Ka gaya wa Mama, ita da ta ce ta gama jin ƙarar nan a duniya. In da hali ka je mata a kansa.