Akushin Janar

Yaya Abari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Fanta da yara. Yaya ƙafar taka? Mu nan sai godiya, damina dai ta sake wuce mu.

Ka ji an ƙara mini girma, na zama janar. Kwanan baya na rako motocin hatsin agaji zuwa Damagaram, na bar mota a bakin Birni na taka zuwa gida. Na tarar Inna ta sa an yanka akuyar da ta rage mata, wadda take tatsa. Da na sani da na hana.

Aka kawo tuwo zaure, na wanke hannu na ce bismilla. Ba wanda ya matso. Ƴan'uwa duk sun raɓe jikin bango, ga yunwa a idonsu. Har Kawu, da ya rantse sai ya zane ni ranar da na gudu na shiga soja, cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, a fara, ma ci daga baya."

Yaya, tun ina ƙaramin soja a dajin Agadas nake mafarkin akushin nan da muke kokawa a kansa. Amma ranar nan, ni kaɗai a kan akushi, tuwon ƙin ciyuwa ya yi.

A sa mu a addu'a, Allah ya ba mu ruwa. Gai da mutan gida duka. In ka samu hali ka zo da Salla. Kai kaɗai ka rage da za ka iya ture mini hannu daga kan nama.

Ƙanenka,
Mamman